Wellesley Bailey, Mutumin da Ya Roƙa wa Waɗanda Ba Za Su Warke Ba

Wanda ya taso daga Batsari zai shiga birnin Katsina, kafin ya kai gari sai ya ratsa ta Babbar Ruga. Yaran yanzu asibitin gwamnati kawai suka san wurin da shi. Amma ka tambayi tsofaffinmu na ƙasar Batsari da Safana, za su gaya maka can ne ake kai masu kuturta a da, kuma Turawan Mishan ne suka riƙe wurin shekaru masu yawa. Akwai iyalan masu bi a wannan yanki da kakanninsu suka fara jin bishara a can, suna zaune ana wanke masu gyambo. Kuɗin wannan aiki ba daga sama suka faɗo ba, roƙo su aka yi. Idan aka bi sawun wannan roƙo baya, za a tarar da wani mutumin ƙasar Ailan mai suna Wellesley Bailey, wanda bai taɓa taka ƙasar Katsina ba, ba likita ba ne, ba kuma fasto ba ne.

An haife shi a watan Afrilu na 1846 a wajen garin Abbeyleix. Ya zo duniya a tsakiyar babbar yunwar Ailan, wadda ta fara a 1845 sa'ad da cuta ta lalata dankalin da talakawa suke rayuwa a kai. Mutane wajen miliyan ɗaya suka mutu, wasu masu yawa kamarsu suka bar ƙasar. Gidan su Bailey ba su cikin waɗanda yunwar ta cinye, gama mahaifinsa wakilin wani mai manyan gonaki ne. An yi masa baftisma yana jariri, ya tashi yana zuwa majami'a kamar sauran yara, amma abin bai shiga zuciyarsa ba.

Yana da shekara 20, a 1866, ya ɗauki jakarsa zai tafi Ostireliya neman zinariya, kamar dai yadda samarinmu suke bin labarin haƙar zinariya yau. Akwai wata yarinya da suka tashi tare, Alice Grahame, wadda yake so. Ita ce ta roƙe shi ya riƙa shiga sujada duk inda ya sami hali. Jirgin ruwan da zai kai shi ya maƙale a tashar Gravesend ta Ingila saboda hazo, ranar Lahadi ta same shi a nan, ya tuna roƙon Alice, ya shiga wata majami'a. A daren nan ya durƙusa ya ba da ransa ga Almasihu. Zinariya kuwa bai samu ba. Ya komo gida a 1868 hannu wofi.

A 1869 ya sake fita, wannan karo zuwa Indiya, inda ɗan'uwansa yake aikin soja. Niyyarsa ya koyi harshen ƙasar ya shiga aikin ɗan sanda. A garin Faizabad ya sauka a gidan wani tsohon ɗan mishan Bajamushe, kuma zaman da ya yi a wannan gida ya juya masa tunani. Ya bar zancen ɗan sanda, ya karɓi aikin malanta a makarantar Mishan ta Amurkawa a garin Ambala, ƙasar Punjab.

Shugaban mishan ɗin, Dakta J. H. Morrison, ya riga ya kafa 'yan bukkoki domin masu kuturta da suke bara a garin. Wata rana ya ce wa sabon malamin ya raka shi. Bailey ya ga abin da tsofaffinmu suka sani sarai: hannu ba yatsu, ƙafa da gyambon da ba ya rufewa, fuska ta canja, wasu idanu sun tafi. Da farko ransa ya so ya ja da baya. Amma ya koma washegari, ya sake komawa, har da Morrison ya tafi hutu shi aka bar wa kula da wurin. A nan ya gane cewa ba wa'azi kaɗai mutanen nan suke bukata ba. Suna bukatar ɗaki mai rufi, abinci a kan lokaci, tufa, da wanda zai wanke ciwon ya ɗaure.

Ya kamata mu tsaya a nan kaɗan, 'yan'uwa, domin in ba mu gane wannan ba, ba mu gane rayuwar mutumin ba. A lokacin nan kuturta ba ta da magani. Sai a 1873 ne ma wani likita a ƙasar Norwe, Armauer Hansen, ya fara ganin ƙwayar cutar a madubin likita, kuma ganin ƙwaya daban, maganinta daban. Akwai wani mai da ake samu daga 'ya'yan itacen chaulmoogra, ana shafawa ana sha, daga baya ana yin allurarsa mai zafin gaske, amma amfaninsa kaɗan ne. Wato duk wanda Bailey ya tarar a bukkokin Ambala, ya san da cutar zai mutu. Ba wanda zai tashi wata rana a gaban jama'a ya ba da shaidar warkewa. Abin da ake iya yi masa shi ne a rage masa azaba, a mai da masa darajarsa ta ɗan Adam, a zauna kusa da shi har ranar da zai tafi. Wannan shi ne aikin da likitocin yau suke kira jinyar sauƙaƙa raɗaɗi ga masu ciwon ajali, ko da yake a zamaninsa ba a ba shi wannan suna ba tukuna.

Duk abin da yake gani yana rubuta wa Alice a wasiƙa. Ita kuma tana karanta wasiƙun ga ƙawayenta uku 'yan gida ɗaya a Dublin, wato Isabella da Charlotte da Jane Pim. A 1871 Alice ta bi shi Indiya aka ɗaura masu aure a Bombay. Zafin ƙasar bai karɓe ta ba, ta yi ta ciwo, dole ta koma gida a 1873, shi ma ya ajiye aikinsa ya bi ta a 1874. A idon mutum aikin Ambala ya ƙare ke nan.

Da suka iso Dublin, 'yan matan gidan Pim suka tara abokansu a falo, suka ce Bailey ya ba da labari. Daga nan aka shirya taro mafi girma a ɗakin sujadar ƙungiyar Abokai a unguwar Monkstown. Bai iya kwarmato ba, abin da ya gani da idonsa kawai ya faɗa. Bayan taron Charlotte Pim ta ɗauki alkawari, tana ɗari-ɗari, cewa za su yi ƙoƙari su riƙa tara fam 30 kowace shekara. Aka buga jawabinsa a wani ɗan ƙaramin littafi aka yi ta rabawa. Kafin shekara ta zagayo, abin da ya shigo ya kai wajen fam 600, ninki 20 na alkawarin. Haka aka haifi ƙungiyar da aka sa wa suna Mishan ga Kutare a Indiya, wadda tun 1965 ake kira The Leprosy Mission, kuma har yau tana aiki a Nijeriya da Nijar.

Mutane suna son labarin fam 600, amma ni fam 30 ɗin ne ya fi kama ni. Charlotte ba ta yi alkawarin gina babban asibiti ba. Ta faɗi adadin da take ganin za ta iya, ta kuma ce kowace shekara. Mai ciwon da ba ya warkewa ba ya cin abinci sau ɗaya a ranar taron neman gudummawa, kullum yake ci. Ita ce kuma ta yi wa mishan ɗin aiki shekaru da yawa ba albashi, tana amsa wasiƙun masu bayarwa daga gidansu. Ana ba da tarihin wannan mishan da sunan Bailey, amma da ba don matarsa da matan nan uku ba, da malamin makaranta ne kawai mai tausayi wanda ya koma gida. Zumuntar mata a ikilisiyoyinmu ba za su yi mamakin wannan ba.

A 1875 ya koma Indiya, yanzu a ƙarƙashin Mishan ta Ikilisiyar Sikotilan, aka tura shi Chamba a gindin duwatsun Himalaya, daga baya Wazirabad. Kuɗin da suke zuwa daga Dublin bai riƙe su a tasharsa shi kaɗai ba. Ya riƙa neman inda wani ya riga ya fara kula da masu kuturta amma hannunsa ya gaza, ya aika masa. Cikin waɗanda suka fara samu akwai Dakta John Newton na Sabathu. Wannan ya zama tsarin mishan ɗin na shekaru da yawa: ba ta aika ma'aikatanta na kanta, sai ta tallafi na wasu ɗarikoki, Amurkawa ne ko Jamusawa ko Ingilishi, muddin suna aikin. Zuwa 1878 abin da ake tarawa ya kai wajen fam 900 a shekara, ana kula da mutum kamar 100.

Iyalin suka koma Sikotilan a 1882, suka zauna a Edinburgh. A 1886 Bailey ya ajiye sauran ayyuka ya zama cikakken sakataren mishan ɗin, kuma abin da ya fara yi shi ne ya koma Indiya ya zaga ƙasar da ƙafarsa, yana duba inda kuɗi suka tafi da inda ba su kai ba tukuna. Daga wannan zagaye ne aka sami gidan jinya na Purulia, wanda aka kafa a 1888 tare da wani ɗan mishan Bajamushe, Uffmann, kuma asibiti ne har yanzu. Duk sa'ad da ya dawo daga tafiya sai ya rubuta abin da ya gani, a buga, a aika wa masu bayarwa. Mujallar mishan ɗin ma sunanta ya fito ne daga dokar Littafin Firistoci sura 13, wadda ta sa mai kuturta ya zauna a bayan zango.

Wannan ba sabon abu ba ne ga mai karanta Littafi Mai Tsarki. A 2 Korantiyawa sura 8, sa'ad da Manzo Bulus yake tara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai yarda ya ɗauki kuɗin shi kaɗai ba, sai tare da 'yan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa, don kada a sami abin zargi. Manzo guda ke nan. Balle ni da kai. Na ga asusun taimako ya mutu a ikilisiya ba domin mutane sun talauce ba, sai domin an shekara biyu ba wanda ya tashi ya karanta lissafi.

Daga nan aikin ya yi ta yaɗuwa. Mutuwar Fada Damien a 1889, firist ɗin Katolika da ya kamu da kuturta yana hidima a tsibirin Molokai, ta sa duniya ta waiwayi cutar. Wata 'yar mishan Ba'amurkiya, Mary Reed, ta gane ta kamu da cutar sa'ad da take hutu a gida, sai ta koma Indiya a 1891, mishan ɗin Bailey ta ɗauki nauyinta a Chandag, ta yi hidima a can har ta rasu a 1943. Roƙo ya fara zuwa daga Bama da Sin da Japan. Masu bayarwa suka tashi a Kanada da Amurka da Ostireliya. A 1913 wani yaro a ƙauyen White Cloud na jihar Kansas, Wilbur Chapman, wani baƙo mai aikin mishan ɗin ya ba shi kyautar dala 3, ya sayi ɗan alade ya yi kiwo, ya sayar dala 25, ya bayar a kula da wani yaro mai kuturta a ƙasar Siyam. Labarin ya bazu, aka yi ta ƙera asusu mai siffar alade ana rarraba wa makarantun Lahadi. A wurinmu da ɗan akuya ne ko kaza, amma dabarar ɗaya ce.

Ba zan ɓoye laifofin wannan aiki ba. A gidajen jinya da yawa an raba miji da mata, an ɗauke 'ya'ya masu lafiya daga iyayensu an kai su wani gida domin tsoron kamuwa. An yi da kyakkyawar niyya, amma uwar da aka ɗauke wa yaro ba niyya take gani ba. Hotuna da labaran da ake aika wa Turai don a motsa zukata, wani lokaci sun nuna marasa lafiya kamar ba su da kome sai ciwonsu. Kuma inda mai ba ka abinci shi ne mai yi maka wa'azi, yana da wuya a san ko ka karɓa da zuciya ɗaya ne ko don tsoron yunwa. Sarakunan Arewa sun nuna damuwa a kan wannan sa'ad da aikin ya zo ƙasarmu, kuma damuwar ba ta banza ba ce. A Markus sura 1 Ubangiji ya miƙa hannu ya taɓa kuturu kafin ya ba shi wani umarni. Mai jinya da ya sa sharaɗi a kan kwanon kunu ya bar wannan gurbi.

Yau kuturta tana warkewa, maganinta kuma kyauta ne. Amma masu ciwon da ba ya warkewa suna nan a gidajenmu: mai ciwon daji da aka gano a makare, mai ciwon hanta da cikinsa ya kumbura, mai ciwon ƙoda da ba shi da kuɗin wankin jini, tsohuwar da shanyewar ɓarin jiki ya kwantar. Aikin kula da irinsu ya zama fanni guda a likitanci tun da Cicely Saunders ta buɗe gidan jinya na St Christopher a Landan a 1967. A Afirka kuwa Dakta Anne Merriman, wadda ta yi karatun likita a Dublin ɗin nan, ta kuma taɓa aiki a Nijeriya, ta kafa irinsa a Uganda a 1993 da kuɗin masu bayarwa. Ta nuna cewa ruwan mofin da ake sha da baki yana da araha, kuma ana iya kai wa mara lafiya har ɗakinsa a ƙauye. A ƙasarmu asibitin koyarwa na Ibadan ne ya yi gaba a wannan fanni. Amma tsakanin Ibadan da ƙauyen da yake bakin dajin Rugu akwai nisa, ba na hanya kaɗai ba.

Abin kunyar da zan faɗa nawa ne. A wata ikilisiya da na yi hidima ta wajen Safana, wani dattijonmu ya kwanta. Sau biyu na tsaya a bagade na roƙa, sau biyu jama'a suka bayar, duk da yawancinsu ba su iya zuwa gonakinsu na nesa saboda 'yan bindiga. Aka kai shi asibiti, aka yi gwaje-gwaje, likita ya ce a mai da shi gida, ba sauran abin yi. Daga ranar nan ban ƙara roƙa masa ko kwabo ba. Ba wanda ya hana ni. Kawai dai a raina na ɗauka maganar kuɗi ta ƙare, saura addu'a. Ya yi wata huɗu a kwance. Matarsa ita ce mai juya shi, mai wanki, mai ɗebo ruwa, ta sayar da akuyarta ta ƙarshe don sabulu da maganin ciwo na kemis wanda bai ko taɓa zafin ba. Ina zuwa in yi addu'a in tafi. Ranar da ya rasu, kafin rana ta faɗi mun tara kuɗin abincin masu makoki fiye da duk abin da muka ba shi yana da rai. Da nake karanta tarihin Bailey, matar nan ce take tsaye a gabana.

Abin da gidan nan yake bukata a watanni huɗun nan ba mai yawa ba ne: sabulu, leda da zanen shimfiɗa, mai na shafa wa baya don kada ya yi gyambon kwanciya, gero na kunu, kuɗin mota a je Katsina a ga likita a kan maganin raɗaɗi mai ƙarfi, da mutum biyu ko uku masu karɓar matar ta yi barci. Ikilisiyar da take da gida 30, in kowane gida ya ɗauki alkawarin kwanon hatsi ɗaya a wata, ko kuɗinsa, aka sa mutum biyu riƙon littafi, aka karanta lissafi a gaban jama'a, ta isa ta ɗauki wannan. Kuma maƙwabcinmu Musulmi da yake kwance a irin wannan hali, ciwonsa da na dattijonmu zafinsu ɗaya. Mun iya tara kuɗin rufin majami'a da na biki. Mun iya tara na asibiti muddin akwai sa ran warkewa, domin muna so mu ga amfanin kuɗinmu yana tafiya da ƙafa biyu. Bailey ya yi shekara 43 yana roƙa wa mutanen da ya san ba zai ga haka a kansu ba, kuma talakawan Turai da yaran makarantar Lahadi suka yi ta ba shi.

Tafiyarsa ta ƙarshe ya yi ta tare da Alice daga 1913 zuwa 1914, dukansu sun tsufa, suka zaga Sin da Japan da Koriya da Ostireliya da Indiya da wasu ƙasashen, suna duba gidajen jinya suna gode wa masu bayarwa. A 1917 ya yi murabus yana da shekara 71. A lokacin mishan ɗin tana taimakon mutum fiye da 14,000 a ƙasashe 12. Alice ta riga shi tafiya a 1924.

Reshen Amurka na aikinsa ya girma ya tsaya da ƙafarsa, kuma ta wannan reshe ne taimako ya iso Arewacin Nijeriya. Ya tallafi gidan masu kuturta na Garkida wanda aka buɗe a 1929. Albert Helser, ɗaya daga waɗanda suka kafa Mishan ta Garkida, ya koma SIM a 1936, ya shiga gaba wajen shirin da ya sa aka damƙa wa SIM gidajen kutare na En'e: Yadakunya a Kano, Amanawa a Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Na Danja kusa da Maraɗi ya biyo baya a 1956.

Wellesley Bailey ya rasu a Edinburgh a watan Janairu na 1937 yana da shekara 90, daidai lokacin da ake wannan shiri na Babbar Ruga. Bai ga maganin cutar ba. Sai bayan mutuwarsa da shekara goma da 'yan kai ne Dakta John Lowe ya nuna, a Uzuakoli ta Kudancin Nijeriya, cewa ƙwayar dapsone da ake haɗiya tana kashe cutar kuma talaka zai iya samunta. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magunguna da ake ba masu kuturta har yau, tun 1995 kuma kyauta ake rabawa.